Ranar da Na Shimfiɗa wa Kwata Darduma

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa zai kwashe min sunayen jikokina kaf, da wata Asabar da na tashi da niyyar fitar da unguwarmu kunya, na kusa kashe wa jikata karatunta da hannuna. Har yau idan na bi ta bakin lungunmu a Kusfa sai na sunkuyar da kai, ina wucewa kuma sai in ɗaga shi sama fiye da na kowa. Ku saurara ku ji yadda aka yi.

Ni maɗinkin riga ne, irin na hannu, zare da allura, tun ina yaro a zauren mahaifina. Boko kuwa aji biyu na yi, a na biyun ma na fi sanin gindin mangwaron makaranta a kan fuskar malaminmu. Ɗan rubutun nan da kuke gani a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi, bayan na ajiye iyali. (Duk inda kuka ga ya karkace, ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da allura.)

Zulaihatu jikata ce ta wajen babban ɗana, a hannunmu ta tashi. Ina kiranta amarya, tana kirana Tsoho, kuma tun tana ƙarama take min alkawarin za ta sake ni ranar da haƙorina na ƙarshe ya faɗi. Ita ce ta fara shiga jami'a a gidanmu. Ranar da ta samu gurbi na zaunar da ita a zaure na ce, "To amarya, likita ko lauya?"

Ta ce, "Babu ko ɗaya. Karatun tafiyar da al'amuran jama'a zan yi."

"A fassara min da Hausar Kusfa."

"Za a koya mana yadda ake riƙe aikin gwamnati, da yadda ake tafiyar da ƙungiyoyin taimakon jama'a, waɗanda ba riba suke nema ba."

Na ce, "Wato shekara huɗu za ki yi kina koyon yadda ake aiki babu riba? Ai da kin zo nan na koya miki kyauta. Tun kafin a haifi ubanki nake yi."

A gabanta ke nan. A majalisarmu ta ƙofar masallaci kuwa wani labari ne daban. Can na sanar da kowa cewa jikata babbar sakatariyar gwamnati take karantawa, kuma duk mai son a sa wa ɗansa hannu a takarda nan gaba, gara ya fara gaishe ni da kyau tun yanzu. Abokina Malam Tanimu kafinta ya sha wannan barazanar har ya gaji.

Da ta shiga shekarar ƙarshe, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi wata matsala da ke damun mutanen wani wuri, ya bincika, ya rubuta, ya kawo hanyar gyara. A kan wannan aikin digirin ya rataya. Ina jiran in ji ta zaɓi sakatariya ko wani ofis mai sanyi, sai yarinyar nan ta zaɓi kwatar lungunmu.

Kwatar nan kuwa ba ta buƙatar gabatarwa a wurinmu. Kwalbatin da ke bakin lungu ya daɗe da ruftawa, ya bar rami buɗe. Da damina ruwa ya zo ya rasa hanya, sai ya juya ya shiga gidaje. Katangar Gwaggo Asabe, wata bazawara tsohuwa da ke maƙwabtaka da ramin, ta jiƙa ta zube. Sauro kuwa a nan suke ɗaura aure, a nan suke suna. Zulai ta sayi takalmin roba, ta riƙa shiga gida-gida tana zama da mata, tana tambaya, tana ɗaukar hoto da waya. Ni kuwa kunya ta ishe ni.

Na ce, "Jami'a guda, a rasa abin da za a ba ki sai kwata?"

Ta ce, "Tsoho, aikin hukuma daga nan yake farawa. Kujera mai juyawa daga baya take zuwa, idan ma ta zo."

Wata rana ta kira ni daga makaranta ta ce ranar Asabar malamarta, wadda suke kira Dakta, za ta zo tare da wani jami'i na wata ƙungiyar agaji. Za su ji daga bakin mutane ko abin da ta rubuta gaskiya ne. Idan ya tabbata, ta ci aikinta, kuma mai yiwuwa ƙungiyar ta taimaka a gina kwalbatin. Ita tare da su za ta taho. Ta ce, "Abu ɗaya nake so, ka tara min mutane a bakin lungu. Shi ke nan fa, Tsoho. Kada ka ƙara komai."

Duk wannan bayanin, kalma ɗaya ce ta zauna min a kai: baƙi.

Sai wanda ya tashi a cikin ganuwa zai gane ni. Mu a birni, mutum yana kwance ba ya iya ɗaga kai, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Gidan da ba a ɗora tukunya ba, idan baƙo ya yi sallama, sai an nemo abin da za a sa masa a kwano mai murfi. Rufin asiri muka sha da nono. To ni da nake da wannan tarbiyya, a ce babbar malama ta taso daga jami'a ta zo ta ga inda jikata ta girma, ta tarar da rami yana tashin wari? Ai daga ranar raina yarinyar za ta yi. Haka na yi tunani, kuma wallahi da zuciya ɗaya na yi shi.

Na tara samarin lungu muka yi gayya. Aka share, aka kwashe bola, aka yayyafa ruwa. Na je wurin Tanimu na aro katako aka jera a kan ramin.

Ya ce, "Ka ji ni da kyau, ragowar silin ne wannan. Ya rufe ido dai, ba ya ɗaukar mutum."

Na ce, "Wa ya ce maka hawa za a yi? Kai dai kawo."

Daga wurin masu hayar kayan biki na ɗauko rumfa da kujeru da wata jar darduma mai kauri, aka shimfiɗa a kan katakon. Gurbin katangar Gwaggo Asabe aka kafa masa sabuwar zana, aka rataya zannuwan gado masu fure. Na sa aka kunna turaren wuta a kasko huɗu, kowace kusurwa ɗaya. Da na ja baya na duba, na rantse ko ɗaurin auren 'yar gwamna za a iya yi a wurin.

Sai ya rage bakin mutane, shi ma na bi na ɗinke. Gida-gida na shiga, yadda Zulai ta yi, ina warware abin da ta ƙulla. Na ce duk abin da aka tambaye ku, amsa ɗaya ce: lafiya lau, sai godiya.

Gwaggo Asabe ce kaɗai ta yi min gardama. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ba cewa ta yi mu faɗi abin da ke damunmu ba?"

Na ce, "Ita kika faɗa wa, ai 'yar gida ce. Waɗannan baƙi ne. So kike a koma jami'a a ce jikata a juji ta tashi?"

Ta ce, "To. Kai ne babba."

(Wannan "kai ne babba" ɗin, duk wanda aka faɗa wa shi da irin muryar da ta faɗa, ya kamata ya koma gida ya sake shawara. Ni ban koma ba.)

Ranar Asabar da hantsi na saka rigar da na ɗinka wa kaina, fara sol, aikin da ya ci min damina guda. Na kafa hula, na tsaya a bakin rumfa. Motarsu ba ta iya shiga lungu ba, da ƙafa suka ƙaraso. Zulai ce a gaba. Tana hango rumfa ta rage sauri, tana ganin darduma ta tsaya cak. Ta matso kusa da ni kamar za ta gaishe ni, ta yi ƙasa da murya.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Karramawa, amarya."

"Ina kwatar?"

"Ta yi tafiya."

Ba ta samu ta ƙara magana ba, don Dakta ta iso. Gajeriyar mace ce mai tabarau, da fara'a, ta durƙusa ta gaishe ni kamar 'yar gida. Jami'in ƙungiyar kuwa wani dogo ne marar yawan magana. Na zaunar da su a kujerun gaba, ƙafafunsu a gefen darduma, ramin yana gabansu kamar taku biyu ba su sani ba. Aka kawo kunun aya mai sanyi. Dakta ta dubi wurin ta ce, "Kai, lungun nan naku da tsabta." Na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Aka yi addu'a, ta fara tambaya. Ta ce, "Iyayena, me ya fi damunku da damina?"

Tanimu ya miƙe, ya saci kallona, ya ce, "Alhamdulillahi. Ruwa ai albarka ne."

"Ba ya shiga gidaje?"

"Yana dai wucewa ta kusa."

"Sauro fa?"

Wani daga baya ya ce, "Akwai ɗan kaɗan, amma namu ba su cika cizo ba."

Ina zaune ina gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibansa suka kawo hadda babu gyara. Dakta ta juya wajen mata ta ce, "Wace ce Gwaggo Asabe? An rubuta min katangarki ta faɗi."

Tsohuwar nan ta dubi ƙasa, ta dubi zannuwan gadon da aka rataya mata, ta ce, "Lafiya lau. Sai godiya."

Daga nan fara'ar Dakta ta ɗauke. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Jami'in ya duba agogo ya ce mata a hankali akwai wata ɗaliba da ke jiransu a unguwar Gyallesu. Dakta ta juya wajen jikata, ta yi mata magana da Turanci, sannan ta maimaita da Hausa yadda kowa zai ji.

"Zulaihatu, hotunan da kika nuna min, a wace unguwa kika ɗauke su? Kin san abin da ake yi wa ɗalibin da ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro bincike. Ba maki kawai yake rasawa ba."

Sai a lokacin na gane abin da na ɗinka. Na jira yarinyar ta nuna ni ta ce ga mai laifi nan. Kalma ɗaya ta ishe ta. Ta miƙe tsaye, ta dube ni, idanunta sun ciko, ta kawar da kai ta ce, "A nan na ɗauka, Dakta." Ba ta ƙara ko harafi ba.

Ashe ita ma 'yar birni ce. Na rufa wa kwata asiri, ita kuma ga ta nan tana rufa wa kakanta, a bakin karatunta na shekara huɗu. A wurinta, gara a ce ta yi ƙarya da ta tona tsoho a gaban jama'a.

Na miƙe. Na yi gyaran murya na ce, "Dakta, a gafarce ni, a ɗan ja kujeru baya, akwai abin da zan nuna."

Niyyata in kama gefen darduma in yaye ta cikin mutunci, in yi ɗan jawabi. Amma gefen da nake so yana can ɗaya ɓarin, ni kuma hankalina ba ya jikina. Maimakon in zagaya, sai na taka ta tsakiya, ina tattara hannun riga kamar mai zuwa karɓar kyauta.

Ƙara ɗaya katakon ya yi. Ni da darduma muka tafi tare. Na tsinci kaina tsaye a cikin rami, baƙin ruwa har cinya, farar riga ta baje a sama tana sha, hula ta yi nata wuri. Warin da muka danne da kasko huɗu ya taso gaba ɗaya kamar yana jin haushinmu. Jami'in ya yi tsalle da kofin kunu a hannu.

Sai muryar Gwaggo Asabe, a natse: "To ga ta nan, Dakta. Ga kuma mai ita a ciki."

Tanimu ya faɗi daga kan benci don dariya, yana cewa, "Na faɗa maka silin ne! Jama'a ku shaida na faɗa masa!"

Samari suka miƙo hannu za su jawo ni, na ce su dakata. Tunda na riga na shiga, gara in gama aikin daga nan. Na ɗaga kai na ce, "Dakta, wannan ita ce kwatar da ke cikin hoto. Ni na rufe ta. Katanga tana bayan zannuwan can, wato ba ta nan. Duk wanda ya ce miki lafiya lau, ni na sa shi. Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba, kakanta ne ya yi, kuma ga shi an biya shi."

Dakta ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata, amma ba ta iya riƙewa ba.

Ana fito da ni, bakunan da na ɗinke suka farke lokaci guda. Kowa na magana, ba mai jin wani. Wannan ya ce ruwa ya cinye masa buhun masara, waccan ta ce ɗanta ya karye a ramin, wani ya ce laifin masu zuba shara ne, masu zuba shara suka ce a nuna musu inda za su zuba. Har wata ta ce indararon gidana ne ke zuba a jikin katangarta, abin da ba ta taɓa faɗa min ba tsawon zamanmu. Jami'in ya sake duba agogo. Na ce a raina, shi ke nan, na fitar da yarinya daga ƙarya na jefa ta a rigima.

Ina gefe a kan turmi, an yafa min zane, ana zuba min ruwa a ƙafa da buta, na ga abin da har in mutu zan riƙa ba da labari. Zulai ta fita tsakiyar fili. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Iyayena, kowa zai yi magana, amma bari mu fara da waɗanda ruwa ke tararwa a cikin gida." Ta sa maza suka yi shiru, mata suka yi bayani ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya fara zargin wani, sai ta ce, "Mun ji, Baba. To me kake ganin za a yi?" Sai ka ga mutum ya sauko.

Daga nan ta raba maganar kashi-kashi. Ga abin da mu da kanmu za mu iya: yashe kwata, da hana zuba shara. Ga abin da yake haƙƙin ƙaramar hukuma, ga ofishin da za a je, ga waɗanda ya kamata su je. Ga kuma abin da za a roƙi ƙungiya. Ta dubi jami'in nan, dogo da shi, ta ce kada su kawo komai da komai. Su kawo siminti da rodi da magini, unguwa ta kawo yashi da ƙarfi, don abin da mutane suka zuba guminsu a ciki ba sa bari ya lalace. Mutumin ya daina kallon agogo, ya jawo kujera. Kafin azahar an kafa kwamiti, har da mata a ciki, Gwaggo Asabe ce ma'aji.

Ni da nake cewa ana koya mata aiki babu riba, na zauna da ƙafa mai wari ina kallon yarinyar da na goya tana juya unguwa guda da magana mai daɗi, dattawan da ni ban isa in sa su jera a sahu ɗaya ba. Hawaye ya zo min. Na ce wa Tanimu turaren ne ya shige min ido.

Da za su tafi Dakta ta zo ta durƙusa kusa da turmina ta ce, "Baba, a aji muna koya musu cewa mutane kan ɓoye matsalarsu saboda kunya, dole ma'aikaci ya san yadda zai gano. Amma ban taɓa ganin inda aka shimfiɗa mata darduma ba. Ka yarda in riƙa ba ɗalibai labarinka?"

Na ce, "A bayar, amma a ce rigar tana da kyau kafin ta shiga."

Haka na shiga jami'a ba tare da jarrabawa ba. An ce duk shekara ana karanta ni.

Zulai ta ci aikinta da maki mai kyau. An gina kwalbatin kafin damina ta dawo, ni aka ɗora wa tsaron masu zuba shara, wai tunda na fi kowa sanin zurfin wurin. Yaran lungu kuwa suka raɗa min Baba Lafiya-Lau, kuma ina amsawa. Yanzu amaryata tana aiki da wata ƙungiya da ke kai ruwan sha ƙauyuka, ba ta da kujera mai juyawa, kullum tana bayan babur fuska duk ƙura. A majalisa na daina cewa sakatariya ce. Ina faɗin ainihin abin da take yi, kuma na lura ya fi cika baki.

Abin da na koya da tsufana shi ne baƙi iri biyu ne. Akwai wanda ake share wa gida, akwai wanda ake bar wa dattin ya gani da idonsa. Ni kuma har yanzu ba na iya bambancewa, don haka tambaya nake yi. Kwanan baya da dangin wani yaro za su zo neman aurenta, na kira ta na ce, "Amarya, waɗannan fa? A share ko a bari?"

Ta ce, "A share, Tsoho. Kai ma a wanke ka, a zaunar da kai wuri ɗaya, kada ka taka komai."